Gado da haraji: Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu a watan Oktoban 2024, batutuwa biyu ne suka fi tayar da ƙura a Arewa. Na farko shi ne yadda za a riƙa raba kuɗin harajin VAT tsakanin jihohi. Na biyu kuwa shi ne zargin cewa gwamnati na shirin tsoma hannu cikin dukiyar mamaci. An yi huɗubobi a kai, an yi ta tafka muhawara a gidajen rediyo, shugaban kwamitin da ya tsara ƙudurorin, Taiwo Oyedele, ya sha fitowa yana musantawa. Daga bisani aka sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yunin 2025, kuma babu wani haraji mai suna harajin gado a cikinsu. Jama'a suka yi ajiyar zuciya, kowa ya koma harkar gabansa.

Ƙasar nan ta taɓa gwada irin wannan haraji. A 1979 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar karɓar haraji a kan dukiyar da ta sauya hannu ta hanyar kyauta ko mutuwa. Dokar ba ta yi wani tasiri ba, aka soke ta a 1996. Tun daga nan babu abin da hukumar haraji ke cira daga gado da sunan gado.

Duk da haka, wanda ya taɓa raka matar marigayi abokin aiki zuwa banki, ko kamfanin fansho, ko rajistar kotu, ya san cewa iyalan ma'aikata suna biyan wani haraji da babu majalisar da ta zartar da shi. Suna biyan sa da kuɗi, da shekarun jira, wani lokaci har da zumunci. Ra'ayina shi ne, wannan harajin na sakaci ne ya kamata ya zama abin da lauyoyi da akantoci da malamai da jami'an walwalar ma'aikata za su sa a gaba idan mutum ya zo neman shawara. Mun yi gangami a kan harajin da bai zo ba, mun bar wanda ke cin marayu kullum.

A Amurka da Birtaniya, tsara gado sana'a ce mai zaman kanta, kuma haraji ne ginshiƙinta. A Birtaniya gwamnati na karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000 a dukiyar mamaci, amma kyautar da mutum ya yi wa wani ya kuma rayu shekara bakwai bayanta tana fita daga lissafi. A Amurka ma harajin kan kai kashi 40, sai dai daga 2026 ba ya hawa kan ɗan ƙasa sai dukiyarsa ta wuce dala miliyan 15. Saboda haka masu ba da shawara a can ke ƙarar da basirarsu wajen tsara kyauta tun da rai da kafa asusun amana, domin a rage rabon gwamnati. Littattafansu da kwasakwasansu ne ƙwararrunmu ke karantawa, har wasu su dawo suna tallata wa darakta a Abuja maganin cutar da ba ta kama shi ba. Ciwon ma'aikacin Najeriya daban ne. Shi dukiyarsa ce ke maƙalewa a bayan ƙofofin da ba su buɗuwa sai da takarda, shi kuma ya tafi bai bar takardar ba.

Mu duba abin da ma'aikacin tarayya kan bari. Akwai asusun fanshonsa, wanda Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 8 daga albashinsa da kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Akwai inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar ta wajabta, kuma ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. Wanda ke ɗaukar naira miliyan shida a shekara, alal misali, iyalinsa na da haƙƙin aƙalla miliyan 18 idan ya rasu yana bakin aiki. Akwai ajiyarsa a asusun gidaje na ƙasa da ta ƙungiyar adashin ma'aikata. Wataƙila akwai gida a Wuse ko Garki ko Kubwa daga cikin waɗanda aka sayar wa ma'aikata lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, da fili a garinsu, da hannun jarin bankuna da ya saya shekarun baya ya manta. Mutumin da ke cewa ba shi da komai, idan aka tattara waɗannan sai a ga ya bar abin da zai iya ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa har su gama, in da za a same shi a kan lokaci.

Cikas na farko yana cikin kalma ɗaya. Gurbin da takardun ofis da na banki ke kira “next of kin”, mu da Hausa mun saba ce masa magaji. Wannan fassara ta jefa gidaje da yawa cikin rigima. Wanda aka rubuta a wannan gurbi mutum ne da za a nema idan wani abu ya faru, sanya sunansa bai mallaka masa ko kwabo ba. Sashe na 8 na dokar fansho ya fayyace cewa kamfanin fansho ba zai saki kuɗin mamaci ba sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko umarnin kotun da ke da hurumi. Banki ma haka zai nema. Kuɗin inshorar rai ne kaɗai dokar ta ce a biya wanda ma'aikacin ya ambata da sunan mai cin gajiya, shi ya sa wannan gurbin ke buƙatar kulawa ta musamman. Mutum ya kama aiki yana saurayi ya rubuta sunan wansa. Ya yi aure, ya ƙara, ya haifi takwas, shekara ashirin da biyar bai koma kan fayil ɗin ba. Ranar da ta Allah ta kasance, wan na ganin shi aka bar wa, matan na ganin an zalunce su, alhali marigayin mantuwa kawai ya yi.

Samun takardar kotun ma ba kyauta ba ne. Rajistar gado ta Babbar Kotu na karɓar kaso daga ƙimar dukiyar kafin ta ba da izini, a wasu jihohi yakan kai kashi 10 cikin 100. Sunansa kuɗin rajista, amma a aljihun marayu ba shi da bambanci da haraji, kuma ana neman sa ne a daidai lokacin da asusun da za a biya daga ciki yake rufe. Ga kuɗin lauya, ga na mai ƙiyasta kadara, ga na buga sanarwa a jarida, ga neman masu tsaya wa. Idan aka samu wanda ya shigar da ƙorafi, sai abin ya koma shari'a. Shari'ar Ukeje da Ukeje ta isa misali. Mai dukiyar ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, Kotun Ƙoli ba ta yanke hukuncin ƙarshe ba sai a watan Afrilun 2014, inda ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya zama abin alfahari ga masu kare haƙƙin mata, amma iyalin sun shafe fiye da shekara talatin kafin su ga ƙarshen maganar.

Yayin da ake wannan jira, dukiyar ba ta tsayawa yadda aka bar ta. A 2023 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ba da damar a kwashe irin wannan riba da ta shekara shida ba a nema ba zuwa wani asusun amana na gwamnati, kuma a 2024 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar mayar da kuɗin asusun da ya shekara goma ba a taɓa ba zuwa hannunsa. Mai haƙƙi na iya zuwa ya karɓa, amma ta yaya maraya zai nemi abin da bai san da shi ba? A ɓangaren filaye kuma, a watan Maris na 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta sanar da soke takardun mallaka 4,794 saboda rashin biyan kuɗin ƙasa na shekara da shekaru. Duk gidan da mai shi ya rasu, magada suka tsaya jayayya babu mai biyan wannan kuɗi, yana cikin irin wannan haɗari.

Akwai kuma wata magana da ba a son yi a fili, ga shi ta fi shafar masu karanta wannan shafi. Tsarin mulki ya wajabta wa jami'in gwamnati ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin kujera. Domin kauce wa wannan, ko domin gudun idon dangi, wasu kan sayi gida da sunan direba, su yi rajistar kamfani da sunan ƙanin matarsu, su bar takardun fili a hannun wani aboki. Ba duka ne dukiyar haram ba, wani gumin goshinsa ne, tsoron surutu kawai ya sa shi ɓoyewa. Amma kotu takarda take karantawa. Ranar da mai dukiyar ya kwanta dama, wanda sunansa ke jikin takardar shi ne mai gida a idon hukuma, sai fa in tsoron Allah ya sa ya fito ya faɗi gaskiya. Abin da aka ɓoye wa hukuma, marayu aka ɓoye wa. Haka nan hadimin da ya yarda aka sa sunansa a kan kadarar maigidansa ya ɗauki kaya biyu: tambayar masu bincike idan ta taso, da rigimar da zai bar wa nasa 'ya'yan, waɗanda za su tarar da takarda da sunan mahaifinsu su ɗauka tasu ce. Mai ba da shawarar da ya san aikinsa zai gaya wa mutum wannan ƙarara, ko da zai rasa cinikin.

Sai mu zo kan gibin da ke tsakanin lauya da malami. Yawancin ma'aikacin da ya fito daga Arewa yana rayuwa ne ƙarƙashin dokoki biyu. Sashe na 262 na tsarin mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja hurumi a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. A gefe guda kuma dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda muka gada daga Turawa, tana nan da ranta a wasu sassan ƙasar. A shari'ar Adesubokan da Yinusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa wannan doka duk da ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokokin da suka taƙaita wannan dama, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wata wasiyya a shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye ta 2007 bisa dokar Kwara. Ma'anar wannan ita ce, takarda ɗaya na iya tsayawa a wata jiha ta faɗi a wata. Lauyan da ya ɗauko samfurin wasiyya daga kwamfuta ya cike wa Musulmi ba tare da ya tambayi inda kadarorin suke da dokar da ke hawa kansu ba, ya shuka rigima ne. Malamin da ya raba gado da baki a zaure, ya tashi ba a kai rabon gaban alƙali an samu umarni a rubuce ba, ya bar magada da lissafin da banki ba zai karɓa ba. Abokan aikinmu Kirista ma suna da tasu tambayar, domin wanda ya yi auren rajista ya rasu babu wasiyya, galibi dokar kula da dukiyar mamaci ce ke raba gadonsa, al'adar garinsu ta koma gefe.

Wani zai ce ai Allah ya riga ya raba gado, me ya rage wa mutum ya tsara? Gaskiya ne Suratun Nisa'i ta ƙayyade rabon kowa, kuma babu mai ikon ƙara wa wani magaji ko rage masa. Amma rabo ba ya yiwuwa sai an san abin da za a raba. Kafin a kai ga magada sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Wa ya san bashin in ba a rubuta ba? Wa ya san gonar da ke hannunsa ta marayun ƙaninsa ce? Shari'a ta kuma bar wa mutum sulusin dukiyarsa ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba. Wannan sulusin ne mafitar jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa, wanda baffanninsa ke shamakance shi, da yaron da aka riƙa tun yana jariri, da tsohuwar da ta yi wa gidan hidima shekara talatin. Mutum ya yi shiru ya tafi, waɗannan sun tashi a tutar babu.

Kyauta ma tana da sharaɗinta, kuma a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wanda ya ce ya ba 'yarsa gida, ya ci gaba da karɓar hayarsa yana kashewa har ya mutu, ya bar ƙofar da sauran magada za su mayar da gidan cikin gado. Ta fuskar dokar ƙasa kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar fili mai takardar shaida, a Abuja kuwa sai da ta minista. Kyautar gida ke nan na buƙatar shaidu, da miƙawa ta zahiri, da takardar kyauta mai hatimi, da rajista. Malami ya san rabin farko, lauya ya san na biyu, mai dukiya yana buƙatar su duka a zama ɗaya.

Game da amana, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wakafi, ko hubusi kamar yadda ake ce masa a Kano, tsohon tsari ne na tsare asalin dukiya a riƙa cin amfaninta, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin da ke kula da shi. Akwai kuma kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukumar hannayen jari, waɗanda mutum zai iya damƙa wa wata kadara tun yana raye domin karatun ƙananan yara ko kula da ɗa mai lalura. Amfaninsa shi ne abin da aka riga aka miƙa ba ya jiran layin kotu. Haɗarinsa kuma shi ne a mayar da shi dabarar hana 'ya'ya mata ko ɗakin wata matar haƙƙinsu. Ƙwararren da aka zo wa da irin wannan buƙata ya kamata ya ƙi, domin takardar da aka gina a kan zalunci ita ce ta farko da za a kai ƙara a kanta.

Duk wannan bai nuna cewa haraji ya fita daga lissafi ba. Hayar da gidan mamaci ke kawowa kuɗin shiga ne, haraji na hawa kanta ko a hannun wa take. Magajin da ya sayar da kadara ya ci riba yana iya fuskantar harajin ribar sayarwa, shi ya sa adana takardun saye da na gyare-gyare ke da muhimmanci. Sannan ga waɗanda suka kai dukiya waje, dokar can ce ke aiki. Gida a Landan yana ƙarƙashin harajin gadon Birtaniya ko da mai shi bai taɓa kwana wata guda a ƙasar ba. Wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba, idan ya rasu da hannun jarin kamfanonin Amurka da sunansa, dala 60,000 kacal aka yafe masa, abin da ya haura haka ya shiga haraji. Yanzu da matasan ma'aikata ke sayen irin wannan jari ta manhajar waya, wannan ba maganar attajirai kaɗai ba ce. A nan ne ilimin da ƙwararrunmu suka karanto daga waje ke da amfani na gaske.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. Mai ba da shawara ya fara da jerin kadarori da basussuka da inda kowace takarda take, kafin ya yi maganar wata dabara. Ya tambayi mutum addininsa, da irin aurensa, da jihar da kowace kadara take. Idan wasiyya za a rubuta bisa dokar ƙasa, ya tabbatar an sa hannu gaban shaidu biyu a lokaci guda, kuma babu mai cin gajiyarta a cikin shaidun, sannan a ajiye ta a rajistar kotu. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, wanda ke kula da inshorar rai, ya mayar da sabunta sunan mai cin gajiya abin yi duk shekara, kamar yadda ake tantance ma'aikata. Kotuna su sauƙaƙa hanya da kuɗi ga ƙananan gado, domin bai dace matar masinja ta bi layi ɗaya da iyalan mai rukunin gidaje a Maitama ba. Ƙungiyoyin lauyoyi da majalisun malamai kuma su zauna su fitar da samfurin wasiyya guda da alƙalin kotun shari'a da na babbar kotu za su karɓa ba tare da jayayya ba.

Saura kai ma'aikaci. Na san abin da ke hana mutane wannan aiki: ganin kamar rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, da tsoron kada iyali su san abin da aka mallaka su sa ido. Amma Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Awa biyu a ofishin lauya tare da malamin da ka yarda da shi, da ziyara ɗaya zuwa sashen mulki na ma'aikatarku domin duba sunan da ke cikin fayil ɗinka, sun fi sauƙi a kan shekarun da matarka za ta yi tana hawa da sauka a benayen sakatariya da takardar shaidar mutuwarka a hannu. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma sa abin da muka bari ya zama sanadin haɗin kan zuriyarmu.